Tsohon kod mai cike da GO TO, ta ina ake kama bakin zaren?

Abba_Ruwa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema kan wani aiki da aka ɗora min tun satin da ya wuce. A wajen aikinmu akwai wata tsohuwar manhaja da aka rubuta da Fortran 77, aikinta lissafin zurfin ruwa a magudanan noman rani, ka ba ta faɗin magudana da gangararta da yawan ruwan da ake so ya wuce sai ta fito maka da zurfin. Wanda ya rubuta ta ya daɗe da yin ritaya, yanzu oga ya ce a mayar da ita Python don yaran da ake ɗauka aiki babu mai iya karanta Fortran. To matsalar GO TO ce, duk inda ka duba tsalle ne, ita kuma Python ba ta da goto kwata-kwata. Da yawa na warware su amma ga wani guntu da ya tsaya min a wuya:

```
      IF (IFL .EQ. 1) GO TO 40
   20 H = H + DH
   30 CALL FLOW(H, Q)
   40 IF (ABS(Q-QT) .LT. EPS) GO TO 60
      IF (Q - QT) 20, 60, 50
   50 DH = DH / 2.0
      H = H - DH
      GO TO 30
   60 CONTINUE
```

In na ce 20 ne farkon zagayen, wancan tsallen na sama yana faɗowa 40 a tsakiya. In na ce 40 ne farko, wanda bai yi tsallen ba ta 20 zai shigo. Ta ina zan kama shi?

Sadiq_dev: Wa alaikumus salam. Abba kar ka wahalar da kanka, ka buɗe bariyabul ɗaya ka kira shi `inda`, ka sa while guda ɗaya ta rufe komai, kowane lebul ya zama if, duk inda ka ga GO TO 30 ka rubuta inda = 30 sai continue. Minti goma ka gama, kuma wlh zai yi aiki daidai da na asali, ko GO TO dubu ne a ciki haka zan yi musu

Baba_Fortran: Sadiq ɗana, zai yi aiki kam, ban musa ba. Amma me ka gyara? GO TO ɗin ce dai ka sanya mata babbar riga. Wanda zai zo bayan Abba sai ya bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Abba yake bi yanzu, har ma gara na Fortran ɗin don shi aƙalla lebul ɗin yana gefen hagu ido na ganinsa.

Wannan maganar tsohuwa ce. A 1966 wasu 'yan Italiya biyu, Böhm da Jacopini, suka nuna cewa kowane firogiram ana iya gina shi da abu uku kacal, jerin umarni, zaɓi, da zagaye, in dai an yarda ka ƙara bariyabul na taimako. Bayan shekara biyu, a 1968, Dijkstra ya rubuta wasiƙarsa da ta shahara kan illar goto, kuma abin da mutane ba sa karantawa shi ne a cikin wannan wasiƙar da kanta ya yi gargaɗi cewa kada a ɗauki kowane irin zane a juya shi ido rufe zuwa marar tsalle, don abin da zai fito ba zai fi na farko saukin fahimta ba. Damuwarsa ita ce mutum ya iya ɗora yatsa a kan layi ya ce ga inda muke kuma ga yadda muka iso nan. Da dabarar `inda` ba za ka iya ba.

Sadiq_dev: Baba na ji, amma shi oga Python ya ce a ba shi, bai ce a ba shi mai kyau ba. Kuma duk sanda mutum ya fara jujjuya tsarin da hannu nan ne kuskure ke shigowa, tawa hanyar aƙalla ba ta canza komai

Baba_Fortran: Wannan maganar taka ta ƙarshe gaskiya ce kuma za mu dawo kanta. Amma ka tuna dalilin ogan, ya ce yara ba sa iya karantawa. In an ba shi abin da har yanzu ba ya karantuwa an yi aikin banza kenan.

Ummi_rs: Yaya Abba ba laifinka ba ne da ka kasa samun farkon zagayen, babu shi ne. Bari in yi bayani yadda na fahimce shi. Ka ɗauki takarda ka zana kowane guntun kod da babu tsalle a cikinsa a matsayin ɗaki, kowane tsalle ko gangarowa ƙasa kibiya ce daga ɗaki zuwa ɗaki. Sai ka tambayi kanka, wane ɗaki ne zaure ga wane? Wato kamar gidan gargajiya, ba ka isa tsakar gida sai ka bi ta zaure, to in duk hanyar da za ta kai ka ɗaki B dole ta bi ta A, A zauren B ne. Zagaye mai lafiya shi ne wanda kibiyar da ke komawa baya take komawa kan zauren duk ɗakunan da ke cikinsa, wannan kai tsaye while ce, ba wata wahala.

Naka kuma gida ne mai ƙofa biyu. Ana shiga ta 20 ba tare da an taka 40 ba, ana shiga ta 40 ba tare da an taka 20 ba, babu wanda yake zauren wani. Masu rubuta kompaila, wato manhajar da ke juya kod zuwa yaren inji, sun san wannan tun farkon shekarun 1970, aikin su Frances Allen da John Cocke a IBM, da na Hecht da Ullman, sun raba zane gida biyu, mai naɗuwa da marar naɗuwa. Mai naɗuwa duk zagayensa ƙofa ɗaya ne, kuma an tabbatar tun 1973 cewa irinsa ana iya tsara shi ba tare da ƙara bariyabul ko kwafin kod ba in dai yaren yana da break mai fita daga zagaye da yawa lokaci guda. Marar naɗuwa kuwa dole ka biya wani abu, ko dai ka ƙara tuta, wato bariyabul mai tuna inda aka fito, ko ka kwafi wani ɗaki ya zama biyu.

A naka kwafin ya fi araha nesa ba kusa ba, layi biyu ne kawai. Ka zaɓi 40 ya zama zaure, shi kuma mai shigowa ta 20 ka yi masa nasa 20 da 30 a waje kafin ya shigo:

```
if ifl != 1:
    h += dh
    q = flow(h)
while abs(q - qt) >= eps:
    if q < qt:
        h += dh
    else:
        dh /= 2
        h -= dh
    q = flow(h)
```

Abba_Ruwa: Kai! Allah ya saka da alheri Ummi, yanzu ma na ga abin da mutumin yake yi, yana ƙara zurfi har ruwan ya wuce wanda ake so, in ya wuce sai ya raba taki biyu ya ja baya. Kwana uku ina kallon layukan nan ban ga haka ba, kuma IFL ɗin nan ashe cewa yake an riga an lissafa Q a baya kar a maimaita

Baba_Fortran: To ka ga bambancin kenan Sadiq. Yanzu an san me kod ɗin yake nufi.

Amma Ummi 'yata, akwai abu biyu da suka zube a hanya. Wancan IF mai lebul uku, in abin da ke cikin baka bai kai sifili ba a tafi na farko, in sifili ne daidai a tafi na biyu, in ya haura a tafi na uku. Kin jefar da na tsakiyar. Na san dalilinki, in Q ya yi daidai da QT, wato yawan ruwan da ake so, layin da ke sama ya riga ya fitar da mu. Amma wannan sai in EPS, wato ɗan bambancin da aka yarda da shi, ya fi sifili, kuma EPS daga fayil ɗin bayanai ake karanto shi ko? In wani ya bar gurbin fanko, Fortran za ta iya karanta shi a matsayin sifili, to a nan tsohon kod yana da mafita naki kuma babu.

Na biyu, kin juya "ƙasa da" ya koma "ya kai ko ya fi". A lissafin makaranta ɗaya ne, a kwamfuta in Q ya lalace ya zama NaN, wato alamar "ba lamba ba ce", duka biyun ƙarya suke bayarwa, sai naki ya fita daga zagayen shiru kamar an samu amsa.

Ummi_rs: Gaskiya ne Baba, na karɓi gyara. A mayar da shi `while not (abs(q - qt) < eps)` sannan a sa `if q == qt: break` a farkon ciki. Ni da zan ƙara ma da iyakar yawan zagaye da kuma bincikar NaN ɗin a fili ya yi ƙara, amma wannan sai bayan an tabbatar sabon yana bada abin da tsohon ke bayarwa, kar a haɗa gyaran tsari da gyaran hali a zama ɗaya

Sadiq_dev: Kun gani ko, layi tara kacal kuma har an samu kuskure biyu, daga hannun wadda ta fi mu sanin abin ma. Wannan nake gudu. Fayil ɗin Abba layi nawa ne gaba ɗaya?

DanMaradi: Sannunku da aiki. Ni dai ina so in ce wani abu don kar matasan da ke karantawa su tafi da cewa goto haramun ce. Ni C nake rubutawa kullum don ƙananan na'urori, kuma in fankishin ya buɗe abu uku, ya karɓi memori, ya buɗe fayil, ya kama makulli, in na uku ya gaza dole ka saki biyun farko a jere ta baya. Hanya mafi tsabta ita ce goto zuwa lebul a ƙasan fankishin. Kernel ɗin Linux cike yake da wannan kuma takardar salon rubutunsu ta yarda da shi a fili. Ko MISRA C, ƙa'idojin rubuta C da masu ƙera motoci ke bi, ta 2004 ta hana goto gaba ɗaya amma ta 2012 ta sassauta, ta ce in za a yi to tsallen ya zama gaba ne ba baya ba, kuma kar a faɗa cikin wani bulok daga waje. Knuth ma ya rubuta doguwar maƙala a 1974 yana nuna wuraren da cire goto ke ɓata kod maimakon gyara shi.

Sadiq_dev: To ai goto ɗin share fage irin wadda kake yabo ita ta jefa Apple cikin matsala a 2014, layin goto fail da aka maimaita sau biyu, ya sa ana tsallake tantance sa hannun dijital a haɗin intanet mai tsaro

DanMaradi: A'a ɗan'uwa, ka sake duba wannan kod ɗin. If ce babu bakan da ke rufe jikinta, layi na biyu ya zauna a ƙasa kamar yana cikin if ɗin alhali ba ya ciki. Da return aka maimaita a wurin da irin wannan ɓarnar za a samu. Kuma kompaila na iya faɗa maka akwai kod ɗin da ba za a taɓa isa gare shi ba in ka kunna gargaɗin. Tsallen gaba zuwa wuri ɗaya ba ya haifar da gida mai ƙofa biyu irin na Abba, wanda ke haifar da shi shi ne faɗawa tsakiyar zagaye.

Ummi_rs: Na yarda da DanMaradi a nan. Kuma yawancin GO TO ɗin da Abba zai tarar ba mugaye ba ne, mutumin ba shi da zaɓi ne. Fortran 77 ta kawo IF THEN ELSE amma babu while a ƙa'idarta, sai a Fortran 90 aka samu DO WHILE da EXIT da CYCLE, don haka duk mai son while sai ya gina ta da lebul da tsalle. Tsalle zuwa ƙasan zagaye continue ne, tsalle zuwa bayan zagaye break ne, tsalle zuwa ƙarshen sabrutin return ne. Inda Python za ta ba ka ciwon kai shi ne fita daga zagaye biyu ko uku lokaci guda, Java da JavaScript da Rust da Go duk suna da break mai lebul, ita babu. Ni abin da nake yi sai in cire zagayen cikin in mai da shi fankishin nasa in yi return, ya fi tara tutoci.

Sannan Sadiq, don in yi maka adalci, dabararka ba ta banza ba ce, injuna na amfani da ita. WebAssembly (wasm), yaren inji da burauza ke gudanarwa, ba ta da goto, block da loop da if kawai gare ta sai br mai fita waje ko komawa kan loop, don haka duk kod ɗin C da za a kai burauza sai an yi masa irin aikin nan da muke yi. Alon Zakai ya rubuta Relooper, dabarar cire tsalle, don Emscripten, kompailar da ke kai kod ɗin C burauza, ya bayyana shi a 2011, kuma in ya haɗu da zagaye mai ƙofa biyu bariyabul na lebul yake sakawa kamar `inda` ɗinka. Kompailar LLVM ma tana da matakin da ke gyara irin wannan zagayen kafin ta fitar da wasm. Dalilinsu shi ne kwafi na iya kumbura, an nuna akwai zanen da in ka ce sai ka kwafe ɗakuna har ya naɗu girmansa ninkuwa zai yi ta yi ba iyaka mai kyau. Amma su a wurin da ya gagara kawai suke sa tutar, ba su rufe firogiram gaba ɗaya da while ɗaya ba, kuma abin da suka fitar ba mutum ne zai karanta ba. A 2022 Norman Ramsey ya fitar da wata hanya mai sauƙi da ke bin bishiyar zaurukan nan kai tsaye, in kana son ka ga yadda ake yi da inji ita zan ce ka fara nema.

Hauwa_sec: Ina ta karantawa ina jin daɗi don wannan shi ne abincinmu kullum ta ɗaya gefen. Mu ba mu da kod ɗin asali ma, fayil ɗin da aka riga aka harhaɗa muke buɗewa a manhajojin binciken kod irin su Ghidra ko IDA, kuma a matakin injin babu if babu while, tsalle ne zalla, dikompaila ce ke ƙoƙarin dawo da tsarin. Tun aikin digirin Cristina Cifuentes na 1994 ake wannan fama. A 2015 wasu masu bincike a Bonn suka fitar da dikompaila mai suna DREAM wadda ba ta barin goto ko ɗaya, amma abin da na gani da idona a irin wannan salon shi ne wani lokaci sharaɗin if ɗin sai ya yi tsawo ya cika da "da" da "ko" har ka gwammace a bar maka goto ɗaya ka gane. Daga baya masu manhajar bincike ta angr suka zo da dabarar SAILR suka ce ai yawancin goto ɗin da ake gani kompaila ce ta haifar da su garin gyaran sauri, misali ta haɗe wutsiyoyi biyu masu kama ɗaya su zama ɗaya, wasu kuma tun asali mai kod ɗin ne ya rubuta su, to a warware na kompaila a bar na mutum. Shi ya sa ni ba na auna aiki da yawan goto da aka kashe.

Abba shawarata ɗaya ce, kar ka taɓa layi ko ɗaya sai ka tara tsofaffin fayilolin bayanai duk da za ka samu a ofis, ka harhaɗa tsohon da kompailar gfortran, har yanzu tana karɓar irin wannan kod ɗin in ka sa mata -std=legacy, ka ajiye amsar kowanne. Duk guntun da ka gyara ka sake gudu ka gwada.

DanMaradi: Ni ma tambayata, dole ne sai an sake rubutawa? Akwai f2py a cikin NumPy, ka naɗe Fortran ɗin ka kira shi daga Python, lissafin da ya yi shekaru yana aiki ka bar shi ya huta

Baba_Fortran: Da ni ne mai yanke hukunci da na duba wannan sosai. Amma ranar da aka ce a ƙara sabon siffar magudana wa zai shiga ciki? IF mai lebul uku ma an cire ta daga ƙa'idar Fortran 2018, ASSIGN, mai ajiye lebul a cikin bariyabul don a yi tsalle zuwa gare shi daga baya, tun Fortran 95 aka cire ta. Ni abin da zan ce, Abba ya fara gyara tsarin a cikin Fortran ɗin kanta, ya mayar da tsallen DO WHILE da EXIT, nan amsa dole ta fito daidai har lambar ƙarshe don yare ɗaya ne kompaila ɗaya. In ya tsabtace sai ya fassara zuwa Python. In ya haɗa biyun lokaci guda ya ga bambanci ba zai san ko tsarin ya ɓata ba ko kuwa don REAL na Fortran bit 32 ne na Python kuma 64.

Sadiq_dev: Wannan kam na yarda da shi ɗari bisa ɗari. In akwai gwaji a hannu ba ni da ja. Amma ina nan kan bakata cewa in an samu wani dunƙulen da ya gagara, a sa masa `inda` shi kaɗai a rubuta bayani a kai a wuce

Ummi_rs: Shi kaɗai ɗin, eh, ba wanda zai hana ka. Wani lokacin ma abin da mutumin ya gina tun asali injin matakai ne, kamar mai karanta fayil layi-layi, to nan while da match ita ce fassarar gaskiya, sai dai ka ba matakan suna mai ma'ana maimakon 20 da 40

Abba_Ruwa: Jama'a na dawo, kwana biyu ina kan shawarar Baba da Anti Hauwa. Na samu tsofaffin fayiloli 31, na gyara a Fortran tukuna, 30 sun fito daidai har lambar ƙarshe, ɗaya ya ƙi. Na bi shi na gano wani layi ne `GO TO (100, 200, 300), ITYPE` da ke zaɓar siffar magudana, ni na mayar da shi SELECT CASE na sa in lambar ba 1 ko 2 ko 3 ba ce ya tsaya da kuskure. Shi wannan fayil ɗin ITYPE ɗinsa 0 ne kuma tsohon bai tsaya ba ya bada amsa

Baba_Fortran: Haka ƙa'idar Fortran 77 take, in lambar ta fita daga jerin ba a tsalle ko'ina, sai a gangara layin da ke biye. Duba min, mene ne a ƙasan wannan GO TO ɗin kai tsaye?

Abba_Ruwa: Lebul 100 ne Baba, magudana mai kusurwa huɗu. Kenan duk wanda ya bar gurbin fanko ana ɗaukar tasa a matsayin mai kusurwa huɗu ba tare da an faɗa masa ba

Hauwa_sec: To kar ka yanke wannan kai kaɗai. Ka bar halin yadda yake a yanzu, 0 ya tafi 100, ka sa ya buga gargaɗi a allo, sannan ka kai wa injiniyoyinku fayil ɗin su duba ko waccan magudanar da gaske mai kusurwa huɗu ce, don in ba ita ba ce zurfin da aka yi aiki da shi a wancan lokacin ma abin dubawa ne.

Abba_Ruwa: Na sa CASE DEFAULT ya bi ta 100 da gargaɗin, yanzu 31 ɗin duk sun yi daidai. Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa oga fayil ɗin. Saura sabrutin biyu, ɗaya tana da ASSIGN a ciki, Baba in na iso wurin zan turo maka ita nan.

Baba_Fortran: Turo ta tare da duk wuraren da aka yi ASSIGN ɗin, ba inda aka yi tsallen kaɗai ba. Sau da yawa sabrutin ce aka gina da hannu, ana ajiye inda za a dawo, in haka ne fankishin ɗaya za ta zama.